Hantar Tumakin Jirgin Ruwa

Sai da na yi sati biyu a Jidda kafin na yarda cewa babu wani asibitin da yake jirana. Shekara uku ke nan da aka canza kuɗinmu daga fam zuwa naira. Ni kuwa a lokacin saurayi ne, Isiyaku ɗan mahautan Funtuwa, ina riƙe da takardar shaidar cewa na yi shekara huɗu ina aiki a ɗakin gwaji na wani asibitin dabbobi. Na iya wanke kwalabe, na iya awon magani, na iya duba jini a madubin likita. Wani mutum da ake kira Alhaji Tanimu ne ya ce asibitocin Jidda suna neman irina ruwa a jallo. Ya ce in shiga da bizar umra, shi zai mayar mini da ita iƙama, wato takardar zama, cikin kwana goma. Mu shida ya kwaso. Da muka dawo daga Makka ya sauke mu a wani ɗaki a bayan kasuwar Bab Makka, ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce zai kai a buga hatimi. Har yau ban sake ganin fuskarsa ba.

Abokan tafiyata suka watse, kowa ya bi wanda ya sani. Ni ban san kowa ba. Amma in faɗi gaskiya, garin bai bar ni na zauna na yi baƙin ciki yadda ya kamata ba. Ban taɓa ganin teku ba sai a nan. Nakan tafi bakin ruwa in tsaya baki buɗe ina kallon jiragen ruwa sun yi layi can nesa, suna jiran a ba su wurin sauke kaya, wasu sai su yi kwana da kwanaki ba su motsa ba. Ko'ina gini ake yi. Ga tsofaffin gidaje masu hawa huɗu da tagogin katako, ga motoci irin waɗanda a gida sai a hoto. Zafin garin kuwa mai gumi ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Ina tafe cikina babu komai, amma idona a ƙoshe yake.

A Bab Makka, wajen masu sayar da dafaffen wake da gurasa, na haɗu da Baba Usman. Ina tsaye ina kallon tukunya, sai na ji wani dattijo mai rawani irin na mutanen Sudan yana faɗa da mai waken cikin Larabci, sannan ya juya ya yi tsaki ya ce, "Wannan yaro ba shi da kunya." Da Hausa ya faɗa. Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Na ce, "Baba, sannu da hutawa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai daga ina?"

"Daga Funtuwa."

"Ban san ta ba. Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ya ce ƙarya nake yi, ya sa aka zuba mini. Ina ci yana ba ni labarinsa. A Sudan aka haife shi, a bakin kogi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai zo hajji, ya tsaya a hanya ya yi noma, ya hayayyafa. Baba Usman bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffin garinmu ce, sai dai kowace jimla sai ya ɗora mata "halas" ko "yalla", wato "shi ke nan" ko "mu je". Da na faɗa masa abin da ya same ni, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Abin da ya tambaya kawai shi ne sana'ar ubana. Na ce mahauci ne. Ya tafa hannu ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Ni ma mahauci ne, ɗana. Halas, ka samu aiki. Yalla, tashi mu je."

Gidansa a unguwar Sa'alaba yake, can kudancin gari, ƙananan gidaje a cushe. Matarsa Hajja Amina ta shimfiɗa mini tabarma a soro. Ranar da na cika kwana uku a gidan ta yi miyar kuka, da kukar da wata maniyyaciya ta kawo mata daga gida. Na kai loma ɗaya baki, sai ga tsakar gidanmu a gabana, ga innata tana fifita wuta. Hawaye suka zubo mini cikin kwano. Hajja ta ƙara mini miya.

Aikin mahauta ba baƙona ba ne, amma na ji ciwo a raina ranar da na sake ɗaukar wuƙa. Don in bar jini da tumbi na yi karatu, ga shi na ƙetare ƙasashe na dawo kansu. Sai dai mahautar Jidda ta wuce duk abin da na sani. Tumaki ake kawowa ta jirgin ruwa daga Sudan da Somaliya, garke bayan garke. Waɗanda jirginsu ya daɗe a layi sukan sauko a galabaice, ido ya faɗa, harshe a waje, don zafi da ƙishi da yunwa. Wasu dillalan sukan kai su garka su huta su ci ciyawa kafin a yanka, wasu kuwa daga tashar jirgi sai wuƙa. Ni nake feɗe ciki, don haka duk hantar da ta fito sai ta bi ta hannuna.

Wata safiya wani mutum ya shigo cikin farar jallabiya tas, da tabarau, yana ɗaga ƙafa yana tsallake jini, riƙe da babban fulas. Baƙi ne kamarmu, amma Larabcinsa na 'yan gari ne. Baba Usman ya gaishe shi da "Ya Daktur," ya ce in ba shi hanta. Mutumin ya buɗe fulas ɗin, na leƙa na ga ƙanƙarar da ke ciki ta narke rabi. Ya ɗauki wata hanta da ta jima a kan tebur rana tana dukanta, zai jefa ciki. Ban san lokacin da na yi gunaguni da Hausa ba.

"Hanta ta sha rana, ƙanƙara ta zama ruwa. Wane gwaji za a yi da wannan?"

Mutumin ya tsaya cak. Ya juyo a hankali ya ce, "Me ka ce? Faɗa kuma."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba Usman ya fashe da dariya ya ce, "Ai Daktur Abdurrahman namu ne, jikan mutanen Kano ne, a nan unguwar Hindawiyya aka haife shi."

Daktur ya matso. Hausarsa tana fita da ƙyar, kamar mai tauna tsakuwa. "Ina ji duka, amma bakina nauyi. Kai ka san mukhtabar? Ɗakin gwaji?"

Na ce na yi shekara huɗu a ciki. Na nuna masa yadda ya kamata: a yanko hantar da ɗuminta, a naɗe ta a leda mai tsabta, a binne cikin ƙanƙara ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Ya yi ta kallon hannuna. A ranar suka shirya da Baba cewa ni zan riƙa kai masa hanta jami'ar da yake koyarwa. Kafin ya tafi ya tambaye ni wane ne kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini a kan takarda. Na ce wani abokin Baba ne. Ƙarya na yi, don tsoron kada ya fasa.

Ranar da na fara shiga ɗakin gwajinsa sai da na tsaya a bakin ƙofa na shaƙi warin wurin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai na'urar sanyi, amma akwai injuna da ban taɓa gani ba sai a littafi. Na ajiye fulas, na ga tarin kwalabe marasa wanki a kwatami, na naɗe hannun riga na hau wankewa ba wanda ya sa ni. Daga ranar, da na gama da mahauta sai in yi wanka in tafi can, in zauna har la'asar.

Shi ya koya mini abin da yake nema a cikin hanta. Ya zana mini a allo, rabi da Larabci, rabi da Turanci, in ya maƙale ya jawo Hausa. Ya ce jikin dabba ba gini ba ne da aka gama aka bari. Kowace ƙwayar halitta kullum cikin rushe tsohon furotin take tana gina sabo. Furotin kamar doguwar tsarkiya yake, in ya tsufa ko ya lalace sai a daddatsa shi. Akwai sinadaran da ke yin manyan yanka, akwai kuma wani da ke bin ƙananan gutsattsarin yana cire ƙwaya ɗaya-ɗaya daga baki, har su koma abin da za a sake gini da shi. Wannan na ƙarshen shi ne peptidase, shi kuwa Daktur "bibtidez" yake ce masa, don bakinsa ba ya kama harafin farko.

Na ce, "Ashe akwai mai feɗe nama a cikin naman kansa."

Ya yi dariya ya ce, "Aiwa! Kuma idan wahala ta zo, zafi, yunwa, furotin da yawa yana lalacewa, abinci ba ya shigowa. Dole jiki ya rushe nasa ya rayu da shi. Ina so in ga yadda yake aiki a dabbobin ƙasar nan."

Yadda ake gwajin ma abin sha'awa ne. A niƙa hantar cikin sanyi, a sa a injin da ke wulwula kwalabe har gari ya kwanta, a ɗebo ruwan sama. Sai a ɗiga shi cikin wasu siraran kwalabe masu wani ruwa fari kamar na sha, a jera su cikin ruwan ɗumi. Idan peptidase yana nan yana aiki, sai ka ga ruwan ya fara rinewa a gabanka, ya koma ruwan ɗorawa. Iya ƙarfin aikinsa, iya turuwar launin. Ranar farko da na gani sai da na yi kabbara. Abin da ido ba ya gani, ga shi yana nuna kansa a kwalba! Na koma gida ina ba Hajja Amina labari ina ta ɗaga hannu, ta ce, "Ɗana, ci abincinka tukuna, ɗorawar ba za ta gudu ba."

Amma aikin ya ƙi tafiya. Yau launi ya turu, gobe ya fito fari-fari, jibi ya tsaya tsakiya, alhali komai iri ɗaya muka yi. Daktur ya zargi maganin gwajin, ya ce ya lalace a tashar jirgi. Ya zargi ruwa, ya zargi injin. Shugaban sashensu kuma ya fara cewa ɗakin za a ba wani, tunda ba a ga abin da ake yi ba. Wata rana na tarar da shi zaune ya cire tabarau ya dafe kai, littafin sakamako a buɗe a gabansa. Na roƙe shi ya karanto mini ranakun da launin ya fi turuwa. Yana karantowa ina tunani. Ya ambaci wata Asabar, sai na tuna tumakin wani dillali ne da aka sauke a ranar aka yanka. Talatar da launin ya yi fari kuwa, ragunan wani Balaraben ƙauye ne, masu ƙiba, da ya kawo a mota.

Murna ta kama ni. Na ce, "Daktur, ba injin ba ne, ba magani ba ne. Tumakin ne ba iri ɗaya ba!"

"Kef? Yaya?"

"Hantar dabbar da ta sha wuya a jirgi takan ƙanƙance, ta yi duhu, bakinta ya yi kaifi. Ta mai ƙoshi kuwa cike take, ta fi haske. Kowane ɗan mahauci ya san wannan. Ni kuwa duk wadda ta zo hannuna nake kawo maka."

Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ya kama kafaɗuna yana girgiza ni yana zuba Larabcin da ban gane rabinsa ba. Da ya natsu ya ce ya karanta irin wannan a kan ɓerayen da ake hana wa abinci a ɗakunan gwaji na Turai, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa abin yana faruwa a tashar jirgin garinsu ba, don shi hanta kawai yake gani, bai taɓa ganin tunkiyar ba.

Nan muka tsara. Idan jirgi ya sauke, zan kawo hanta kashi uku: ta tumakin da suka sauko a ranar, ta waɗanda suka huta a garka, da ta ragunan gida. Ya ce kada in faɗa masa wace ce wace, don kada son zuciyarsa ya shiga idonsa. In ɗaure kowane kashi da zare mai launi dabam, ni kaɗai in san ma'anarsa, sai ya gama awo in bayyana. Na karɓi zare ja da baƙi da fari a wurin Hajja. Ko Baba Usman ban gaya wa ba.

Kwana tara muka jira. Ranar da jirgin ya sauke, tun bayan asuba nake rawar jiki. Na zaɓi tumakin da kaina, na feɗe, na ɗaure, na binne a ƙanƙara. Na fito ƙofar mahauta da fulas a kafaɗa ina sauri, sai na ga mutane suna gudu ta ko'ina. Motar masu binciken takardu ce ta tare bakin titi. Ban yi taku goma ba wani askari, wato ɗan sanda, ya riƙe mini hannu.

"Iƙama!"

Ba ni da abin nunawa. Abin dariya, a wannan lokacin ba kaina nake tunani ba, ƙanƙara nake tunani. Na hango Baba Usman ya fito da wuƙa a ɗamara, na ɗaga murya na ce, "Baba, fulas! Ka kai wa Daktur yanzu, kada ya sha rana!" Askarin ya buɗe ya ga hanta, ya yamutsa fuska, ya miƙa wa Baba. Aka tura ni mota.

Wurin da aka kai mu babban ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, cike da mutanen ƙasashe iri-iri da ke jiran a mayar da su gida. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na ga kaina ina sauka a Kano hannu wofi, ba fasfo, ba aiki, ina neman abin da zan faɗa wa ubana. Wani tsoho Bayamale ya ga na ƙi cin abinci, ya raba gurasarsa biyu ya tura mini rabi, ya yi mini alama da hannu cewa in ci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙaryar da na yi wa Daktur. Na tabbata ya gama da ni.

Rana ta uku da hantsi aka kira sunana. Na zo bakin ƙofar ƙarfe, sai ga Daktur Abdurrahman tsaye, jallabiyarsa a yamutse, littafin sakamako a hammata. Bai amsa gaisuwata ba.

"Ka yi mini ƙarya," ya ce. "Ba ka da kafili."

Na sunkuyar da kai. "Na ji tsoro ne, Daktur. Ka yafe ni."

"Da ka faɗa, da tuni na fara takarda. Ni ma kakana ba shi da kowa ranar da ya zo garin nan." Ya gyara tabarau. Ya matso da fuskarsa jikin ƙarfen ya rage murya. "Wannan magana sai an jima. Yanzu faɗa mini. Kwana biyu ina kallon kwalabe, ban san me nake kallo ba. Ɗaya ya turu sosai, ɗaya tsakiya, ɗaya kaɗan. Jan zare, na wane ne?"

Na ce, "Wanne ne ya turu?"

"La, la! Kai ka fara faɗa."

"Ja na tumakin jirgi ne. Baƙi na waɗanda suka huta. Fari na ragunan gida."

Ya buɗe littafin ya juyo mini da shi ta tsakanin ƙarafa. Ban iya karanta rubutunsa na Larabci ba, amma ya manna guntun kowane zare a saman shafi, ya ja dogon layi a ƙarƙashin ja, matsakaici a ƙarƙashin baƙi, gajere a ƙarƙashin fari. Na yi ihu. Shi ma ya yi ihu. Muka riƙe hannun juna ta cikin ƙarfe muna tsalle kamar yara, mutanen ɗakin duka suka miƙe suna kallonmu, suna zaton an sake ni ne. Mai gadi ya zo da sauri yana tambaya lafiya. Daktur ya ce masa, "Hanta ce, ɗan'uwa, hanta!" Mutumin ya dube mu ya girgiza kai ya koma kujerarsa.

Sakin nawa bai zo da sauƙi ba. Na ƙara kwana goma sha ɗaya a wurin. Daktur ya yi ta zirga-zirga tsakanin jami'a da ofishin jakadancinmu da ofishin takardu, har aka yi mini sabon fasfo, aka yarda ya tsaya mini kafin iƙama ta fito da sunan ma'aikacin ɗakin gwaji. Kullum Baba Usman sai ya zo da kwanon abinci daga Hajja, ya tsaya yana yi mini faɗa a kan na rame.

Ranar da aka buɗe mini ƙofa, su biyun suna jirana a motar Daktur. Hasken rana ya kashe mini ido, iskar teku ta bugo ni, na ji kamar yau na sauka garin. Baba ya ce Hajja ta yanka kaza, a wuce gida kai tsaye in yi wanka in huta. Daktur ya tayar da mota, ya dube ni ta madubi, ya yi gyaran murya.

"Sau ɗaya ba hujja ba ne, Isiyaku. Sai mun maimaita sau da yawa kafin mu faɗa wa kowa." Sai ya ƙara da cewa, "Na ji an ce wani jirgi ya sauke da safen nan."

Baba Usman ya ce, "La ilaha illallahu! Yaron nan sati biyu yana tsare!"

Na leƙa ƙarƙashin kujera, sai ga fulas, na taɓa shi na ji sanyin ƙanƙara. Na ce, "Baba, a ba Hajja haƙuri, ta rufe mini kazar. Daktur, mu biya ta mahauta."